Kulu Sukari da Turmin Farko

Na san sunan da kuke kirana da shi in na ba da baya: Kulu Sukari. Ba ku kuka fara ba, tarar da shi kuka yi, kuma na ji irin bayanin da ake yi muku. Wai ina bazawara na tsallake gidan mahaifina, gidan karatu, na bi wana inda ake shan sukarin Nasara saboda kwaɗayi. Kwanan baya wata jikata ta dube ni ido cikin ido ta ce, da gaske ne? Na yi dariya na kore ta, amma abin ya tsaya mini a rai. Waɗanda suka ga yadda aka yi duk sun riga mu gidan gaskiya, saura ni. To ga shi zan faɗa da kaina, ku saurara duka. Kai Ladan, babban ɗana, ka fi kowa buɗe kunne, tunda na ji ka hana ɗanka shiga gidanka bana.

Gidanmu yana bayan Hubbare, a lungun da maziyarta ke bi in sun fito. Malam, mahaifina, a zaure yake wuni da ɗalibansa, kuma gidan ba shi da wata ƙofa sai ta zauren nan. Mutum ne mai ƙarancin magana, in ya faɗi abu sau ɗaya ba ya maimaitawa. Yana da dalilin ƙin Nasara wanda ba na littafi ba ne. Ranar da suka shigo Sakkwato, ƙaninsa na cikin waɗanda suka fita bayan gari ba su dawo ba, Malam da hannunsa ya je ya ɗauko shi. Ina ƙarama lokacin, amma na tashi na tarar ko ashanarsu ba ta shiga gidanmu. Ni kuwa ya ja ni a jiki fiye da yadda ake jan ɗiya mace. Da mijina na fari ya rasu na gama takaba na dawo gida, sai ya ci gaba da karantar da ni littafin fiƙihu kowace safiya kafin ɗalibai su taru. Ba abin da nake so a duniya kamar wannan zaman.

Inna, mahaifiyata, ita ce mai dakuwa. Duk unguwar an san in Sallah ta zo, tuwon shinkafa kowa na yi, nakiya ma ana samu a gidaje da yawa, amma dakuwar da ake ɓoye wa baƙo na musamman daga turminta take fitowa. Tun tsakiyar azumi take fara tsince aya. Aya tana tahowa da tsakuwa, in aka yi ganganci haƙorin wani ne zai biya. Za ta rairaye ta, ta shanya, ta soya a kasko har gidan ya ɗauki ƙamshi, ta murje ta fece ƙaiƙayin da faifai. Sai gyaɗa soyayya, da zuma, da citta da kanumfari, da barkono, wanda mu nan muke ce wa tonka. Ranar jajibere ake kirɓawa har mai ya fito ta kama jikinta, a dunƙula. Duk wannan da azumi a bakinta, ba halin ɗanɗanawa, da tafin hannu da hanci take gane ta yi. Ana zuba tonka kuwa gida yake rikicewa da tari da atishawa, har ɗaliban zaure.

Amma turmin farko ba a sa masa tonka. Kafin ranar, Inna kan wanke turmin da ruwan zafi, ta daka dusa a ciki, ta kife shi a rana don yajin da ya shiga itacen ya fita. Wannan turmin na mutum ɗaya ne, Yaya Buhari, ɗan farinsu. Tun yana yaro in tonka ta taɓa harshensa sai shaƙuwa da hawaye, mu yi ta yi masa dariya. Kun san kunyar ɗan fari, ko da yake ku 'yan yanzu kun mayar da ita abin wasa. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa duban fuskarsa a gaban mutane ba, in ya shigo ta gabas sai ta sami aiki a yamma. Malam ma haka. To ranar Sallah sai ta zuba dakuwarsa a wata ƙaramar ƙwarya mai ɗinki a baki, ta rufe da faifai, ta ajiye a gindin rumbu inda ba mai bi, ta ɗaga murya tana magana da iska:

"A kau da wagga ƙwarya, ta tare min hanya."

Sai ɗayanmu ya ɗauka ya kai masa. Duk son da take yi masa na shekara guda, iyakar inda yake fitowa ke nan.

A shekarar da nake ba ku labari, bayan Babbar Sallah, Yaya ya karɓi aikin rubutu a bariki. Ya ce ya gaji da ganin talaka ya kai kuka, tafinta ya juya maganar ya ci a tsakiya, gara mai tsoron Allah ya riƙe alƙalamin. Malam bai yi masa faɗa ba. Ya tara mu ya ce daga yau ba abin da zai fita gidan nan zuwa wurinsa, ba abin da zai shigo daga can. Yaya ya kwashe matarsa ya kama gida wajen Ƙofar Atiku, ta inda ya fi kusa da wurin aikin. Inna kuwa ba ta da bakin magana a kansa. Sai dai ta fara ramewa. Da damina ta sauka ciwo ya kwantar da ita, ni nake jinyarta tare da Gwaggo Ige, ƙanwar Malam da ke zaune a gidanmu. Ranar da za ta cika ta kama hannuna.

"Kulu."

"Na'am, Inna."

"Turmin hwarko ba ruwanai da tonka. Kin jiya?"

"Na jiya, Inna."

Ko a nan ba ta faɗi sunansa ba. Yaya ya zo jana'iza ya tsaya a sahun baya, ya zo zaure yin ta'aziyya, Malam ya dubi wanda ke kusa da shi ya ci gaba da magana. Na hango shi ta kafar zana yana sa takalmansa, ya daɗe yana neman ƙafa ɗaya alhali tana gabansa. Nan na gane in Sallar nan ta wuce ba a kai masa rabonsa ba, shi ke nan, ya fita daga gidan nan har abada, don wadda take riƙe da shi ta tafi.

Azumi ya zo, na ɗauko kaskon Inna. Gwaggo tana kallona ina wanke turmi da ruwan zafi, tana kallona ina daka dusa. Ta bari sai da na kife shi a rana sannan ta matso.

"Ke Kulu, mi kika shirin yi?"

"Abin da aka yi kowace shekara, Gwaggo."

"Ba ki san wana ba? Ni munka tashi ɗaki guda da shi. In dole na, ki ƙulla 'yan dunƙule a bakin zane, in kai ma Buhari a ɓoye in na hita gaisuwa. Wa za shi sani?"

Na ce mata a'a. Inna ba ta taɓa ɓoye ƙwaryar nan ba, a tsakar gida take ajiye ta kowa na gani. Abin da aka ƙulla a bakin zane aka kai a sace sadaka ce, kamar yadda ake ba baƙon da ake tausayi. Yaya ba tausayi yake bukata ba. Abin da zai nuna har yanzu shi ɗan gida ne shi ne ƙwaryar Inna ta fita ta zaure da rana tsaka. Gwaggo ta riƙe haɓa ta ce taurin kan nan ba daga nesa na ɗauko shi ba.

Ranar jajibere da hantsi na fara kirɓi. Zauren yana jin duk abin da ake yi a cikin gida, kuma Malam ya shekara nawa yana jin dakan nan. Taɓarya tana sauka, ƙamshin aya da zuma ya cika ko'ina, amma ba wanda ya yi tari, ba wanda ya yi atishawa. Ina jin muryarsa yana fassara wa ɗalibai, sai na ji ta tsaya. Can ya shigo, abin da ba ya yi da rana, ya tsaya bayana.

"Kulu, ban ji tari ba."

"Turmin hwarko na, Malam."

"Mai turmin hwarko ta riga mu gidan gaskiya."

"Ta bar min shi, Malam."

Ban ɗaga kai ba, ban kuma ajiye taɓaryar ba. Sai ya ce shi bai hana ni daka ba, in na ga dama in cika turmi goma, amma na ji abin da ya faɗa game da ƙofar gidansa. Ya juya ya koma.

Kada ku ɗauka ban yi tunani ba. Ni kaina ban so aikin da Yaya ya karɓa ba, a wannan ina bayan Malam har gobe. Na kuma san abin da zan rasa. Mun kai tsakiyar littafin, Malam har ya fara cewa in mun sauke zai sa ni in riƙa karantar da matan unguwa. Na auna wannan, na auna hannun Inna a cikin nawa, na ga ba zan iya haɗuwa da ita gobe ƙiyama in ce tsoro ya hana ni ba.

Ranar Sallah bayan la'asar, lokacin da mata ke fita gaisuwa, na yi lulluɓi na ɗora ƙwaryar a kafaɗa. Zauren cike yake da masu barka da Sallah, ga tsofaffin ɗalibai, ga maƙwabta, an ajiye musu dakuwar turmi na biyu suna ci suna yaba hannuna. Na durƙusa na gaishe su. Malam ya dubi ƙwaryar, ya ga ɗinkin bakinta.

"Ina za ki da wagga?"

"Ƙohwar Atiku, Malam."

Wani tsoho ya fara cewa a yi haƙuri yau Sallah, Malam ya ɗaga masa hannu.

"In kinka ƙetare dokin ƙohwag ga da ita, ki zamna can inda kinka kai ta."

"Ka gahwarce ni, Malam. Saƙon Inna na."

Na miƙe na ƙetare. Ban san yadda na kai Ƙofar Atiku ba, ina tafiya ina kuka a cikin mayafi, yara na bina da barka da Sallah. Yaya yana zaune shi kaɗai a ƙofar gidansa da sabuwar riga, ba wanda ya zo masa daga dangi. Da ya ga ƙwaryar ya miƙe tsaye. Na ajiye ta a gabansa, na ce a kau da ita ta tare mini hanya. Ya juya baya ya shige ciki, ya bar ni nan da matarsa muna share hawaye.

Yanzu ga inda sunan ya samo asali. Kashegari Gwaggo ta kawo mini kayana a ƙunshe, za ta koma da ƙwaryar. To kun san ƙwaryar Sallah ba a mayar da ita ba komai, abin kunya ne. Ina can ƙuryar gida ina wanki, Yaya ya duba ɗakinsa ya rasa abin da ya kai darajar mahaifinsa, sai sukarin nan mai ƙwaya da aka ba shi goron Sallah a bariki, wanda a lokacin sai gidan manya ake ganinsa. Ya cika ƙwaryar ya rufe da faifai. Mutum mai ilimi, amma ranar nan wayonsa ya tafi kiwo. Gwaggo ba ta buɗe ba, ta ɗauka goro ne, ta kai ta ajiye gaban Malam a cikin jama'a. Ya buɗe ya gani, ya sa aka zubar a kwata. Kafin magariba labari ya zaga Hubbare cewa Kulu ta musanya ubanta da sukari. Da na ji, na yi wa Yaya faɗan da ƙanwa ba ta yi wa wa, ya sunkuyar da kai.

Na zauna gidan Yaya, amma ban ci daga albashinsa ba. Na faɗa masa tun farko, zumunci na kawo, ba yarda da aikinsa ba. Na sayi turmi da kasko, na fara dakuwar sayarwa, da ita na ci na sha na yi sutura. Sana'ar da ta riƙe ku ke nan daga baya, har ta kai ni Makka. Kuma ku shaida ne, ni da ake kira Sukari ban taɓa sa ƙwaya ɗaya a dakuwata ba, zuma ce tun daga ranar har yau. Shekarar ta yi mini tsawo. In na tashi da safe lokacin karatu sai in rasa inda zan sa kaina, in ɗauki faifai in yi ta tsince ayar da na riga na tsince. Babbar Sallah ta zo ta wuce, ba wanda ya leƙo daga gida sai Gwaggo. Na aika wa Malam gaisuwa ta bakinta ba sau ɗaya ba, ta ce in ta faɗa sai ya tambaye ta ko an ba akuya ruwa.

Da azumi ya zagayo na sake wanke turmi na yi wa Yaya nasa, amma zuciyata ba daɗi. Dakuwar da aka daka a gidansa ba ita ce ta gidan ubansa ba, shi ma ya sani. Ranar Sallah da la'asar muna tsakar gida sai ga sallamar Gwaggo, tana haki, da ƙwarya mai ɗinki a kafaɗa. Ta dire ta ta zauna ta nemi ruwa, ta ƙi magana sai da ta sha ta huta, don Gwaggo ba ta sayar da labari da araha.

"Jiya na ɗora taɓarya za ni zuba tonka, sai ga wana bisa kaina. Wai kar in sa ga turmin hwarko, tana sa shi tari. Mutumin da ka barbaɗa tonka ko ga kunu! Nic ce to. Yau da sahe na zuba mai ga akushi, yac ce ba wannan ba, in ɗauko ƙwaryar da ka rataye ɗakin marigayiya. Na zuba, na kai mai zaure, bai taɓa ba. Sai da jama'a sunka cika, sannan yad dubi bango yac ce, a kau da wagga ƙwarya, ta tare mai hanya."

Yaya ya buɗe faifan. Dakuwar Gwaggo ce, Allah ya jiƙanta, ba ta kirɓu ba, tana wargajewa a hannu, ga tsakuwa. Ya ɗauki dunƙule ya sa a baki, muna jin ƙarar tsakuwar a haƙoransa, bai tofar ba. Hawaye na zuba har gemu, kuma wannan karon ba tonkar da zai ɗora wa laifi. Da za a mayar da ƙwaryar ni na tsaya a kai, na zuba dakuwata mai yaji, wadda na san Malam yana so.

Da safe muka tafi tare. Yaya ya yi sallama a zaure, Malam ya amsa yana duban wani wuri, kamar yadda ya saba tun Yaya na yaro, ya janye gefen buzunsa kaɗan. Yaya ya zauna a ƙarshen tabarma cikin ɗalibai. Bai bar aikin bariki ba, Malam bai taɓa cin ko goronsa ba, amma daga ranar kowace Juma'a yana zauren nan, kuma shi ya yi wa Malam wanka da ya rasu.

Ni kuma na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi lafiyata, ya ce ɗakina na nan in ina so. Bayan kwana biyu na zo da sassafe na zauna inda na saba zama. Ya fito ya gan ni, ya gane abin da ya kawo ni.

"Wadda ta iya yanke hukunci gaban jama'a ta wuce karatu wurina."

Bai sake buɗe mini littafin ba har ya koma ga Allah. Ya yafe wa wanda ya bi Nasara, amma wadda ta ƙetare maganarsa a gaban ɗalibansa, gaisuwa kawai ta rage tsakaninmu. Wannan ya yi mini ciwo, kuma har yanzu yana yi. Mahaifinku da na aura daga baya malami ne, ya so ya ƙarasa mini, na ce ya bari. Ina nan inda Malam ya tsayar da ni, a tsakiyar littafi. In aka mayar da ni zauren nan da ƙwaryar a kafaɗa, zan sake ƙetarewa.

Abin da ya sa ke nan kuke ganin ina hana ku zuba tonka a turmin farko, ko da yake Yaya Buhari ya daɗe a ƙasa, ku kuma kuna ƙunƙuni wai tsohuwa ta rikice. Ƙwaryar tana nan, ɗinkinta ya ƙaru, ni ma haka. Hannuna ba ya ɗaga taɓarya yanzu, amma na sa an wanke turmi an daka dusa, yana can kife a rana. Ladan, ranar Sallah bayan la'asar zan zo gidanka. Daga tsakar gidanka ƙwaryar za ta tashi, ta zaurenka za ta bi zuwa wurin yaron nan, kana zaune da baƙinka. Ba sai ka kira sunansa ba. Ka dai ce ta tare maka hanya.